Duwatsun da Na Kwashe

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kamar yadda nake nan lafiya, in dai lafiya ake kiran mutum ya tashi da ƙafafunsa ya kwanta da ciwon baya. Yaya jikin Baba? Yaya idon?

Wasiƙarki ta iso. Na karanta inda kika ce likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma lallaɓa shi ake yi. Na kuma ga inda kika ja layi a ƙasa, cewa Baba yana tambaya ko zai ga fuskata kafin duhun ya gama rufewa. Ba sai kin ja layi ba, Yaya. Ko babu layi maganar ta shiga.

Kin ce in nemi hutu in zo. Bari in gaya miki yadda hutu yake a nan, don na lura ku na gida kuna ɗauka duk wanda ya yi nisa a kan kujera yake zaune yana kaɗa ƙafa. An daɗe da gama haƙar ma'adini a wurin nan, aka tafi aka bar wani ƙaton tudu na tarkacen ƙasa da tsakuwa, toka-toka, ko tsuntsu ba ya sauka a kansa. Aikinmu mu raya shi. An yanka tudun fegi-fegi, kowane ma'aikaci da nasa, aka raba mana dashen itatuwa. Idan damina ta wuce, iskar rani ta yi nata, za a zo a duba. Wanda feginsa ya rayu, a sabunta masa kwangila, a ba shi hutu, kamfani ya kai shi gida ya dawo da shi. Wanda nasa ya mutu, sallama, ya san yadda zai yi da kansa. Wanda kuma ya tafi kafin ranar dubawa, ya tafi ke nan. Kin ga hanyata zuwa wurin Baba ta kan tudun nan ta bi.

Mai kula da mu mace ce, Injiniya muke ce mata, ba za ta girmi 'yarki ta fari da yawa ba. Ranar da ta raba mana wurare ta tsaya ta ce kada mu kwashe duwatsu, kada mu cire ciyawar da ta fito, kada mu taɓa gidan tururuwa. Na dube ta sama da ƙasa. Ni za a ce wa in bar ciyawa a gona? Kin manta yadda Baba yake bin bayanmu idan mun gama kunya, in ya tsinci ciyawa ko ƙwaya ɗaya ya zo ya ɗora ta a kan murfin kwanon abincinmu, ya wuce abinsa? Na ce a raina yarinyar nan a littafi ta ga noma.

Na share nawa tas. Na kwashe duwatsun da baro, na gangara da su gindin tudu na tara tsibi guda. Gidajen tururuwa na baje su da fartanya. Yanzu fegina kamar tafin hannu, dashena a jere kamar 'yan makaranta.

Wanda feginsa ke sama da nawa muna kiransa Sai-anjima, don duk abin da ka ce masa amsar ke nan. Ya tona ramuka a karkace, ya cusa dashensa tsakanin duwatsu, ya koma ya jingina da tankin ruwa ya rufe fuska da hula. Wurinsa abin kunya ne. In nasa ya rayu, to ni ban san noma ba.

Ki gaya wa Baba ya riƙe mini idon nan da kyau. Ki tsaya a kansa ya ɗiga maganin, kada ya tura kwalbar ƙarƙashin matashi ya ce ta ɓata, na san halinsa. Zan zo. Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Dogo

*

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, da jikin Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Kin tuna abin da na rubuta a ƙarshen waccan wasiƙar? To, ban san noma ba.

Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, ina tsaye a rumfar kayan aiki ina kallon fegina yana gangarowa ƙasa. Babu abin da zai tare ruwan, masu tarewar ni na kwashe su da hannuna. Ya yayyanka ƙasar, ya bar saiwoyin dashe a waje kamar yatsun kaza. Na mayar da ƙasa, na danna. Da rana ta buɗe sai wurin ya yi farin ɓawo, wani gishiri-gishiri da ke tasowa daga cikin tarkacen, tsakuwar kuma ta ɗauki zafi har ba ka iya dafa ta. Sannan iska ta zo. Yaya, iskar tudun nan ba ta sallama. Ta bi dashena ɗaya bayan ɗaya tana murɗe musu wuya. Ina ba su ruwa da safe, kafin in naɗe tiyo ƙasar ta bushe kamar ban zo ba.

Na Sai-anjima kuwa, kore shar.

Injiniya ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi in biyo ta, muka hau wurin malalacin. Ta tsuguna ta ɗaga wani dutse, ta ce in sa hannu a gurbinsa. Sanyi, Yaya. Damshi da tsakar rana, ga wasu ƙananan ƙwari suna gudun haske. Ta ce dutsen nan yana tara raɓa, yana yi wa ƙasa inuwa, yana karya iska, yana tsayar da ruwa har ya nutse. Ciyawar da na raina, saiwarta ce ke ɗinke ƙasar, in ta bushe kuma ta ruɓe ta zama abincin na bayanta. Tururuwa suna huda ƙasa iska ta shiga, suna jan iri zuwa cikin raminsu. Da na kawo mata zancen gonarmu, ta saurara har na gama, sannan ta ce gonar mahaifinka ƙasa ce mai rai, ciyawa a can ɓarauniya ce. Nan kuwa babu abin sata tukuna, duk wanda ya yarda ya zauna a tudun nan sai mu yi masa shimfiɗa.

Na so in ji haushinta, na rasa inda zan kama. Ta faɗa tun ranar farko, ni na toshe kunne. Wanda ke ci mini rai shi ne Sai-anjima. Shi ma ba maganarta ya bi ba, gyangyaɗi yake yi lokacin da take yi. Ƙyuyarsa ce ta bi umarni a madadinsa. Na yi aikin mutum uku na kashe wuri, shi ya yi barci ya raya. Da ya gan ni ina saukowa sai ya ɗaga hula ya ce, "Dogo, sannu da shara. In ka gama, ɗakina ma yana nan." Wallahi da ba don girman Allah ba, da fartanyar da ke hannuna ta yi wani aikin.

Injiniya ta ba ni ragowar dashen da ke rumfa, ramammu, waɗanda kowa ya tsallake. Ta ce ba za ta iya ɗaga mini ranar dubawa ba, doka ɗaya ce ga kowa. Ban ga laifinta ba.

Tsibin duwatsun yana nan a gindin tudu inda na zube su. Baro ya san gangara, bai san hawa ba. Na samo buhu. Gobe zan fara mayar da su.

Don Allah kada ki karanta wa Baba wannan. Ki ce masa dai aiki yana tafiya.

Naki,
Dogo

*

Zuwa ga Yayata mai kunnen ƙashi,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kuna lafiya. Yaya yara da karatu? Yaya ƙoƙari da Baba? Allah ya saka miki, na san ke kike ɗauke da abin da ya kamata mu raba.

Na ce kada ki karanta masa, kika zauna kika karanta masa tun daga sallama har sa hannu. Tun muna yara haka kike, ba a ba ki ajiyar magana. Kin ce ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, wai ɗansa ya tafi wata uwa duniya yana noma ciyawa, in ya dawo sai ya shafa hannuwansa ya ji ko sun koma na malamin ofis. To na ji.

Amma tambayar da ya ce ki yi mini ita ta zaunar da ni. Wai duwatsun da ke gefen gonarmu ta sama, inda ƙasa ta yi gangara, wa nake tsammani ya jera su, aljanu? Yaya, duk tasowata na ɗauka wurin ne kawai ƙarfinsa bai kai ya share ba. Mutumin nan ya koya mana cire ciyawa da murfin kwano, amma bai taɓa buɗe baki ya ce ga abin da duwatsun can suke yi ba. Na yi ta ƙunƙuni ni kaɗai. Daga baya na tuna ni ma ban taɓa tambaya ba.

Kin ce idon hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama kuma yana ganin mutum kamar ta bayan labule. Na karanta wannan a tsaye, na ninke takardar na sa a aljihu, na koma na ɗauki buhuna.

Kullum hawa nake yi. In cika buhu, in saɓa, in hau, in sauke. Kowane dutse ina binne rabinsa ta gefen da iska ke bugowa, in sa dashe a bayansa kamar yaro a bayan uwarsa. Wasu na jera su a kwance a kan hanyar ruwa. Abokan aiki sun samu abin dariya. Direban tankin ruwa ya ce in na gama mayarwa in sake saukewa, kada in rasa abin yi. Tafin hannuna ya tsattsage, ya warke, ya sake tsagewa. Ki gaya wa Baba malamin ofis yana gaishe shi.

Abin da ya fi ɗaukar dutse nauyi shi ne zuwa wurin Sai-anjima. Ni, ɗan Baba, na je roƙon ciyawa. Na ce ya sam mini busassun kawunanta masu iri, da ɗan ƙasar da ke ƙarƙashin duwatsunsa. Bai ko ɗaga hula ba ya ba ni amsar da ya saba. Na juya ina zagin kaina. Washegari na tarar da buhu cike a bakin fegina, ƙasa a ƙasa, ciyawa a sama, an ɗaure bakin da kyau. Na je yi masa godiya na same shi yana wanke jiki a bayan tanki. Yaya, akwai tabon ɗinki a bayansa tun daga kafaɗa har ƙugu. Ashe mutumin ba ya iya daɗewa a sunkuye. Ba duka ƙyuya ba ce. Rabi dai ƙyuya ce, kada mu cuci gaskiya.

Na watsa irin, na barbaɗa ƙasar a gindin duwatsu, sauran ruwan damina ya sauka a kai. Yanzu akwai wani kore-kore siriri da ke bin layin duwatsun. Shekaranjiya na ga jerin tururuwa sun gangaro daga wurinsa zuwa nawa, kowace da ƙwayar iri a baki. Ni da na baje musu gida, sai ga ni ina ɗaga ƙafa ina tsallake su da ladabi. Gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin dashe biyu. Wani ƙadangare ma ya kama dutsen da ya fi ba ni wahala ya kwanta a kai, yana gyaɗa mini kai kamar shi ya ba da kwangilar.

Rani na tafe. Ki sa Baba ya yi mini addu'a, ya rage dariya.

Ƙaninki,
Dogo

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan wannan ta same ku lafiya. Ki zauna kafin ki karanta, don na san za ki yi faɗa.

Iskar rani ta zo ta yi iya yinta. Dashena wasu sun tafi, amma waɗanda ke bayan manyan duwatsu sun sunkuya sun tashi. Ciyawar ta bushe a tsaye ta rufe ƙasa, in ka tura yatsa ƙarƙashinta za ka ji sanyi. Ba wurin da za a ɗauki hoto ba ne, amma yana numfashi.

Ana saura kaɗan a zo dubawa, awakin makiyayan da ke bayan tudu suka samu inda wayar shinge ta ɓalle ta can sama. Akuya ba ta da wauta, wurin da ya fi kore ta nufa. Kafin mu hau da sanduna sun yi wa fegin Sai-anjima aski, ba su bar ganye ko na rantsuwa ba, sai tsinkaye a tsaye. Nawa ko kallo bai ishe su ba. Har akuya ta raina mini aiki.

Ranar dubawa Injiniya ta zo da manya daga ofis. A wurin muka ji cewa ba duka za a ba mu hutu lokaci ɗaya ba. Waɗanda wurinsu ya fi kyau su ne rukunin farko, sauran sai an gama dashen sabon tudu, wato sai wata damina ta kama. Suka zaga. Da ƙyar na samu gurbin ƙarshe a rukunin farko. Da suka hau wurin Sai-anjima, suka ga tsinkaye, babban cikinsu ya ce ƙa'ida ganye take dubawa, wannan ya mutu. Shi kuwa Sai-anjima yana tsaye da hula a hannu.

Ban san lokacin da na taka na isa wurinsu ba. Na ce ranka ya daɗe, a kankare ɓawon a gani. Na ce saiwar waɗannan ta fi ta kowa nisa a tudun nan, akuya ganye ta ci, ba ta ci saiwa ba, ta ma bar masa taki, ga buzuzu can ya fara mirgina shi. Na ce duk abin da kuka gani yana motsi a wurina daga nan ya gangaro, irin ciyawar, ƙasar, har tururuwar. Injiniya ta sa farce ta kankare ɗaya, kore. Ta kankare wani, kore. Ta yi ta bi har manyan suka gaji da tsayuwa.

Sai aka sake lissafi. Nasa ya hau sama da nawa, kuma haka ne daidai. Ya shiga rukunin farko, ni na faɗo na biyu.

Kwangila dai ta tsira. Amma idon Baba ba zai jira wata damina ba, na sani, kin sani. Kada ki ce na yi wauta, na riga ki faɗa wa kaina, da kalmomin da suka fi naki zafi. Na zauna a kan dutse ina jin haushin kowa, awaki, da mai shinge, da bakina. Sai dai ki gaya mini, da na yi shiru aka kori mutumin da ya cika mini buhu da bayansa mai ɗinki, wace fuskar zan kawo wa Baba ya gani?

Ban haƙura ba. Gobe zan je ofis, jibi ma zan je. Wanda ya mayar da tsibin dutse kan tudu ba zai gaji da zaman benci ba. Wannan karon ki karanta masa duka, na yarda.

Naki har kullum,
Dogo

*

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina gaishe da Baba gaisuwa ta musamman. Wannan gajera ce, mai kai saƙo yana jira.

Na je ofis da sassafe kamar yadda na ce, sai na tarar an riga ni. Sai-anjima ne zaune a kan benci. Tunda na zo wurin nan ban taɓa ganin ya riga kowa zuwa ko'ina ba, ko wurin cin abinci. Ashe ya riga ya shiga ya fito. Wai ya gaya musu bayansa ba zai jure doguwar tafiya a zaune ba, kuma itatuwansa ba su saba kwana ba tare da munsharinsa ba, don haka a ba Dogo gurbinsa. Injiniya ta sa hannu.

Na fara kame-kamen godiya, ya katse ni, ya ce, "Kai dai ka cika surutu. Je ka ɗaure wayar shingen can kafin ka tafi, ni sunkuyo ba nawa ba ne." Da na shiga ɗakinsa ɗauko filaya, na ga jakarsa a ɗaure a ƙarƙashin gado, da 'yan takalman yara sababbi a kai. Ban ce masa na gani ba. Na ɗaure shingen, na bi shi kaf na ƙara ɗaure inda bai ɓalle ba ma. In na dawo, duk wani aikin sunkuyo da ke feginsa nawa ne, ko ya so ko ya ƙi.

Na samu saƙonki cewa yanzu Baba haske da inuwa kawai yake rabewa. Na makara ga fuska, na sani. Ban makara ga sauran ba.

Ga abin da nake so ki yi. Ranar da zan iso, ki zaunar da shi a ɗakinsa yana fuskantar ƙofa, ki ɗage labule, da hantsi, lokacin da rana take bayan mai shigowa. Kada ki ce masa ga wanda ya zo, ko da yake na san bakinki. Duk gidanmu babu mai sunkuyar da kai kafin ya shiga ƙofar nan sai ni. Zai ga inuwar, zai gane.

Sauran kuma, ya ce zai shafa hannuwa ya ji. Ki ce masa ina tafe da su.

Ƙaninki,
Dogo